Dictum: Ma'anarta, Asalinta, da Dalilin da Ya Sa Nauyinta Ke Raguwa a Kotu

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗaliba ce a aji biyu na karatun lauya. Ƙamus ya ce dictum na nufin maganar wani babba wadda ake kafa hujja da ita. Amma malaminmu ya ce a aji dictum ɗin alƙali ba ya ɗaure kowa. To wanne ne daidai? Kuma daga ina kalmar ta samo asali?

Amsa: Wa alaikumus salam, 'yata. Ƙamus bai yi kuskure ba, malaminku ma gaskiya ya faɗa. Abin da ya rikita ki shi ne kalma ɗaya ce ta bi hanyoyi biyu, kuma sai an koma tushenta za a ga inda hanyoyin suka rabu.

Dictum kalmar Latin ce, harshen mutanen tsohuwar daular Rum. Ana furta ta "diktum", jam'inta kuma dicta, wato "dikta". Tun nan ki riƙe wannan, domin ɗalibai da yawa kan rubuta dicta alhali magana ɗaya suke nufi, wasu har su ƙara mata harafin jam'in Turanci a ƙarshe. Ƙirarta ɗaya da datum da data. Ta fito ne daga aikatau dicere, wato faɗi. Dico shi ne "ina faɗa", dixi "na faɗa", dictum kuma "abin da aka faɗa". Yadda Bahaushe ke cewa dafaffe daga dafa, rubutacce daga rubuta, haka dictum take daga dicere. Faɗaɗɗen abu ke nan. A asalin ƙirarta babu girma, babu iko, babu hikima a ciki. Duk abin da baki ya furta dictum ne.

Sai dai dicere ɗin kanta ba faɗi irin na hira ba ne. Masana asalin harsuna sun bi sawunta har zuwa wani tsohon tushe, deik, wanda ke nufin nuna abu. A kan wani allon tagulla da ke ɗauke da umarnin majalisar dattawan Rum na shekara ta 186 kafin haihuwar Annabi Isa, alaihis salam, wanda yanzu ke ajiye a birnin Biyana na ƙasar Ostiriya, an rubuta kalmar da tsohuwar surarta ta deic-. Daga tushen nan ne Girkanci ya sami deiknumi, "ina nunawa", Jamusanci ya sami zeigen, Turanci kuma ya sami teach, domin ai koyarwa nuni ne. Rumawa na kiran yatsan da ke kusa da babban yatsa index, mu kuma muna ce masa manuniya, ma'anar ɗaya ce. Alƙali a wurinsu iudex ne, daga ius, haƙƙi, da wannan tushen: mai nuna inda haƙƙi yake. Don haka tun farko dicere na da ƙamshin furuci na hukuma, irin maganar da ake yi a tsaye a gaban jama'a, wadda in ta fita ta fita. Magana zarar bunu, in ji Hausawa.

Za ki ga haka a yadda suke gudanar da shari'a. Babban jami'in shari'a na birnin Rum, wanda suke kira praetor, yana da kalmomi uku da ikonsa ya rataya a kansu: do, dico, addico, wato na bayar, na furta, na mallaka wa wane. Har kalandarsu ta ware ranakun da ya halatta ya furta su da waɗanda bai halatta ba. Duk shekara sabon praetor kan kafa farin allo a dandali, ya bayyana ƙa'idojin da zai bi wajen sauraron ƙara. Sunan wannan sanarwa edictum, abin da aka faɗa a fili. Haka aka yi ta sabunta ta shekara da shekaru, har Sarki Hadiriyan ya sa masanin shari'a Salbiyus Juliyanus ya tsayar da ita a matani guda wajen shekara ta 130. Kalmar nan ta iso har ƙasarmu. A zamanin mulkin soja, daga 1966, dokar da gwamnatin tarayya ta yi ana kiranta decree, wadda gwamnan soja na yanki ko jiha ya yi kuma edict. In kin buɗe tsofaffin kundayen dokokin jihohin Arewa za ki yi ta cin karo da ita.

Dangin kalmar suna da yawa, kuma rabinsu kina amfani da su kullum a aji. Jurisdiction daga iuris dictio ne, furta haƙƙi, wato hurumin kotu. Verdict faɗin gaskiya ne, ya shigo Turanci ta Faransancin Normawa. Dictator a Rum muƙami ne halattacce: in yaƙi ko fitina ta taso, sai ɗaya daga shugabannin ƙasa biyu ya ambaci mutum guda a ba shi cikakken iko na abin da bai wuce wata shida ba. Sunan ya ɓaci ne bayan irin su Juliyas Kaisar, wanda aka naɗa shi a kan muƙamin har iya rayuwarsa a shekara ta 44 kafin haihuwar Annabi Isa, aka kuma kashe shi a cikin shekarar. 'Yan'uwanmu na Nijar da suka yi boko da Faransanci sun san dictée, shiftar da malami ke karantawa yara na rubutawa, sun kuma san dicton, wadda a wurin Faransawa ke nufin karin magana.

Ita dictum ɗin kanta, a bakin Rumawa ta ɗauki ma'anoni da dama. Tana zama umarni, shi ya sa mai biyayya suke ce masa dicto audiens, mai jin abin da aka faɗa, kamar yadda muke cewa yaro mai jin magana. Tana zama alkawari, kuma har yau taken kasuwar hannun jari ta Landan shi ne dictum meum pactum, maganata ita ce yarjejeniyata. Tana zama baƙar magana mai kaifi da ake ta maimaitawa a gari. Tana kuma zama zancen hikima, kamar dictum sapienti sat est, kalma ɗaya ta ishi mai hankali. Wannan ma'ana ta ƙarshe ita ta fi bunƙasa. A zamanin Sarki Tibariyas wani marubuci mai suna Baleriyas Maksimas ya tattara ayyuka da maganganun mashahuran mutane cikin juzu'i tara, ya kira su Facta et dicta memorabilia, ayyuka da zantukan da suka cancanci tunawa, domin masu koyon iya magana su sami abin kafa misali. Turawa sun yi fiye da shekara dubu suna kwafe littafin nan suna karantarwa.

Akwai wani labari a nan da nake son ɗalibanmu su sani, don ya shafe mu. A ƙarni na 11, a Misra ta zamanin Fatimawa, wani malami mai suna Mubashshir ɗan Fatik ya tattara maganganun masu hikima na da, irin su Sukurat da Aflatun da Arastu da Lukman, cikin littafinsa Mukhtar al-Hikam. Aka fassara shi zuwa Sifaniyanci, daga nan zuwa Latin, daga Latin zuwa Faransanci, daga Faransanci kuma wani basarake Bature, Anthony Woodville, ya mai da shi Turanci. A 1477 William Caxton ya buga shi a Westminster da sunan Dictes and Sayings of the Philosophers. Shi ne littafi na farko da aka buga a Ingila ɗauke da kwanan watan bugu. Kin ga abin da Balarabe ya kira hikam, shi Bature ya kira dictes. Ma'anar da ƙamus ya ba ki ta wannan layin ta biyo: gajeren zance, mai ɗauke da sunan wanda ya faɗe shi, wanda ake karɓa saboda darajar mai shi. Nan ne ta bambanta da karin magana. Karin magana na kowa ne, shi ya sa muke cewa "Hausawa na cewa". Dictum kuwa tana da uba, dole a ce "in ji wane".

To amma tun a Rum ɗin akwai masu ƙorafi a kan wannan ɗabi'a ta karɓar magana don sunan mai ita. Sisero, babban lauyansu, ya soki almajiran Fisagoras, masanin falsafar Girka, waɗanda in aka nemi hujjar wata magana tasu sai su ce ipse dixit, shi da kansa ya faɗa. Dixit ɗin nan ita ce dai dicere. Har yau lauyoyi na amfani da ipse dixit wajen kushe shaidar da ba ta da madogara sai bakin mai ita, kuma za ki gan ta a hukunce-hukuncen kotunanmu. Mu ma a karatun zaure muna da irin wannan faɗakarwa. An ruwaito Imamu Malik, wanda ya rasu a shekara ta 179 bayan Hijira, yana cewa kowa ana iya karɓar maganarsa ana iya barinta, ban da mai wannan kabari, yana nuna kabarin Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam. Shi ya sa malaman fiƙihu ba sa tsayawa a kan "an ce". Suna bambanta ƙauli mashhuri da mai rinjaye da mai rauni, Shafi'awa kuma suna bambanta tsohon ƙaulin Imamu Shafi'i na Iraƙi da sabonsa na Misra. A ganina, in ana neman kalmar Hausa ɗaya da ta fi kusa da dictum ta ƙamus, ƙauli ce.

Yanzu mu shiga kotu, inda malaminku yake tsaye.

Tsarin shari'ar da muka gada daga Ingila ya ginu ne a kan bin sawun hukuncin da ya gabata. Abin da Kotun Ƙoli ta yanke ya ɗaure Kotun Ɗaukaka Ƙara, abin da ita ta yanke ya ɗaure manyan kotuna, haka har ƙasa. Amma hukunci guda kan kai shafi hamsin ko ɗari, alƙalai biyar ko bakwai kowa ya yi nasa bayani. Ba zai yiwu kowace jimla a ciki ta zama doka ba. Sai aka raba maganar alƙali gida biyu. Akwai ratio decidendi, dalilin yanke hukunci, wato ƙa'idar da alƙali ya ɗora a kan abubuwan da suka tabbata a gabansa har ta kai shi ga sakamako. Wannan ita ke ɗaurewa. Sai kuma obiter dictum. Obiter daga ob da iter ne, iter kuwa tafiya ce, don haka ma'anarta abin da aka faɗa a kan hanya, ana wucewa. Da lauyoyi suka gaji da faɗin kalmomin biyu sai suka yar da obiter suka bar dictum, kuma a nan ne ruɗaninki ya samo asali. In ɗan jarida ya ce dictum, maganar da ta fi nauyi yake nufi. In lauya ya ce dictum, yana nufin maganar alƙali da ba ita ce ginshiƙin hukuncin ba.

Ga misali. Mutum ya kai ƙara yana neman kuɗin shanun da ya sayar. Alƙali ya duba ya ga kotunsa ba ta da hurumin sauraron ƙarar, sai ya kore ta. Amma kafin ya rufe ya ƙara da cewa, a ganinsa, takardar cinikin da aka nuna masa ingantacciya ce. Rashin hurumi shi ne ratio. Maganar ingancin takarda dictum ce, domin ko da ya ce takardar jabu ce, sakamakon ba zai sauya ba, korar ƙarar dai zai yi. Wannan gwaji da na yi miki yanzu wani malamin shari'a Ba'amurke, Eugene Wambaugh, ya tsara shi a ƙarshen ƙarni na 19: juya maganar ta koma kishiyarta, in hukuncin ya tsaya yadda yake, to dictum ce. Gwajin na da amfani ƙwarai, amma ki kula, yana gazawa idan alƙali ya kafa hukuncinsa a kan dalilai biyu masu zaman kansu. In kin juya na farko na biyu zai riƙe hukuncin, in kin juya na biyu na farko zai riƙe shi, sai ki wayi gari kin ce babu ratio ko ɗaya, alhali dukansu biyun ratio ne.

Me ya sa aka ƙi ba dictum ikon ɗaurewa? Ba raini ba ne ga alƙali. Batun da hukunci ya rataya a kansa, lauyoyin ɓangarori biyu sun yi ta fafatawa a kansa, an kawo hujja an kawo kishiyarta, kuma alƙali ya san maganarsa za ta taɓa dukiyar wani ko 'yancinsa a ranar. Abin da ya faɗa a gefe sau da yawa bai sha wannan tankaɗe da rairaya ba. Babban alƙalin Amurka John Marshall ya yi wannan bayani a 1821, inda ya nuna cewa maganganu na gaba ɗaya da suka zarce abin da ke gaban kotu ana iya girmama su, amma bai kamata su mallaki hukuncin wata shari'a ta gaba ba. Kuma aikin alƙali raba gardamar da aka kawo masa ne. Yin doka a kan abin da bai faru ba aikin majalisa ne.

Sai dai ina roƙonki kada ki fita daga aji da tunanin cewa dictum shara ce. Wannan shi ne kuskuren da ya fi damuna a wurin ɗalibai, domin wasu manyan ƙa'idojin da za ki rubuta jarrabawa a kansu ta wannan ƙofar suka shigo.

Dubi shari'ar High Trees. A 1937 wani kamfani ya karɓi hayar wani dogon gini mai gidaje da yawa a Landan a kan fam 2,500 a shekara. Yaƙin Duniya na Biyu ya ɓarke, mutane suka watse daga birnin, gidaje suka zama babu kowa. A farkon 1940 masu ginin suka yarda a rubuce su rage kuɗin zuwa fam 1,250. Zuwa 1945 gidajen sun sake cika, sai aka kai ƙara ana neman cikakken kuɗi na wata shida na ƙarshen shekarar. A 1946 Mai shari'a Denning, wanda a lokacin alƙalin babbar kotu ne kawai, ya ba masu ginin gaskiya, domin rangwamen na lokacin ƙunci ne kuma ƙuncin ya wuce. Shari'a ta ƙare a nan. Amma sai ya ƙara da cewa da sun nemi cikon kuɗin shekarun yaƙi, da ba su samu ba, saboda wanda ya yi alkawari yana nufin a dogara da shi, aka kuma dogara da shi, ba a barinsa ya janye. Ba wanda ya nemi kuɗin shekarun yaƙin a wannan ƙara. Dictum ce tsantsa. Amma ita ce ta zama tushen ƙa'idar hana tayar da alkawari da ake koyarwa yau a darasin kwangila daga Landan har Zariya.

Ta biyu ita ce Hedley Byrne ta 1963. Wani kamfanin talla ya sa bankinsa ya tambayi wani banki ko wani abokin ciniki zai iya biyan bashi. Bankin ya ba da amsa mai kwantar da hankali, amma ya rubuta cewa ba ya ɗaukar alhakin maganar. Abokin cinikin ya karye, kamfanin talla ya yi asarar kimanin fam 17,000. Kotun ƙoli ta Ingila ta wancan lokaci, wato Majalisar Iyayen Ƙasa, ta ce bankin ya kuɓuta saboda waccan jimla ta kare kai. Duk da haka alƙalan biyar suka yi dogon bayani cewa wanda ya ba da shawara cikin sakaci, yana sane za a dogara da ita, ana iya kama shi da asarar da ta biyo baya. Masana da yawa na ganin wannan bayani dictum ne, tunda mai ƙara bai ci ba. Amma ƙananan kotuna suka bi shi nan take. Abin sha'awa, ra'ayin da suka ɗauka shi ne wanda Denning ya bayyana tun 1951 a wata shari'a inda abokan zamansa biyu suka rinjaye shi.

Don haka dicta ba nauyinsu ɗaya ba. In kin ci karo da wata, ki tambayi kanki wace kotu ce ta faɗe ta, alƙalai nawa suka yarda da ita, kuma an yi muhawara a kan batun ko kuwa subul da baka ne a tsakiyar wani zance. Maganar da alƙalan Kotun Ƙoli suka yi da gangan, bayan sun saurari lauyoyi, don su haska wa na ƙasa hanya, da wuya alƙalin babbar kotu ya kau da kai daga gare ta, ko da bisa ƙa'ida ba ta ɗaure shi ba. Wadda alƙali ɗaya ya jefo a layi biyu kuwa, ra'ayinsa ne, ana iya ɗauka ana iya bari.

Akwai inda wannan bambanci zai taɓa aikinki kai tsaye in kin fara sa baƙar riga. Kotunan Najeriya sun daɗe da tsayawa a kan cewa ana ɗaukaka ƙara ne a kan ratio, ba a kan obiter dictum ba. Lauyan da ya gina dalilin ɗaukaka ƙararsa a kan wata magana da alƙali ya yi a gefe, komai zafin da ta yi wa wanda yake karewa, za a soke dalilin. Na ga matasan lauyoyi sun kwana suna rubutu a kan jimlar da ta fi ɓata musu rai a cikin hukunci, suka bar wadda ta kayar da su. Haka kuma in za ki kafa hujja da dictum a gaban alƙali, ki faɗa masa da bakinki cewa dictum ce, sa'an nan ki nuna dalilin da ya sa ta cancanci a bi ta. In kin ɓoye, lauyan ɗaya ɓangaren zai tona, kuma daga nan alƙali zai riƙa sake auna duk abin da kika ce. Kada kuma ki dogara da taƙaitawar da masu buga rahoton shari'a ke sawa a farkon shafi. Sukan jera maganganun alƙalai da lamba, ratio da dicta a cakuɗe. Ki karanta hukuncin kansa, ki fara da gano abin da mai ƙara ya nema da abin da kotu ta ba shi ko ta hana shi.

In wata rana aikin fassara ya same ki, ko kina yi wa wanda kike karewa bayani da Hausa, ki duba wace dictum ce a gabanki. Ta littattafan hikima da jaridu ki ce ƙaulin wane, ko shahararriyar maganar wane. Ta kotu kuwa kada ki ce ƙauli, domin mai sauraro zai ɗauka hukunci ne. Ni nakan ce maganar gefe ta alƙali, ratio kuma in ce ginshiƙin hukunci, kuma ban taɓa samun dattijon da ya kasa gane bambancin ba daga an faɗa masa haka. Allah ya ba da sa'ar karatu.